Lodin Kaka: Kada Kaya Su Fi Ƙarfin Mota

'Yan'uwana manoma da direbobin Maska, kaka ta zo. Kafin a ɗaure igiya, a duba nauyin da aka rubuta a takardun motar. Wuce shi laifi ne a wurin jami'an FRSC da KASSAROTA, haka ma ɗora mutane kan buhunan masara.

Auduga ta fi ba ni tsoro. Ba ta da nauyi, sai a yi ta jibgawa har ta kusa taɓa wayar lantarki. Mota mai tsawon kaya irin wannan, shan kwana ɗaya a hanyar Funtuwa zuwa Malumfashi kan kifar da ita.

Katako ko rodi da ya zarce bayan mota, a ɗaura masa jan ƙyalle. In kayan sun yi yawa, don Allah a yi sawu biyu.