Amsoshin Tambayoyinku: Aikin Cok a Tsohuwar Mota

Wani mai sauraronmu daga Funtuwa, mai tsohuwar Peugeot 504, yana tambayar fa'idar cok da abin yi idan ya lalace.

To, Malam, cok ɗan faifai ne a bakin kafireta, wanda idan ka ja shi da asubahin hunturu, sa'ad da sanyi ya hana fetur zama tururi, sai ya taƙaita iska domin mai ya rinjaya, inji ya tashi. Amma da ya ɗumama wajibi ne ka mayar da cok ɗin, kada filogi ya yi baƙi. Idan wayarsa ta tsinke, sauya waya ya wadatar. Akwai cok mai lantarki, sai dai na fi natsuwa da na hannu, domin gyaransa ba wuya.