Darasin Wannan Wata: Idan Allon Kwamfuta Ya Yi Baƙi, Ina Za a Fara Dubawa?

A yau kwamfuta ta shigo karkara. A garuruwa da yawa akwai shagon da ake buga takardu, a cika fom, a wanke hoton fasfo. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kan kwamfuta baki ɗaya, saboda haka iyaye suna so 'ya'yansu su saba da ita. Sai dai sabuwar kwamfuta tana da tsada. Wannan ya sa wasu samari suke sayen kayanta ɗaya bayan ɗaya a kasuwa, kamar kasuwar kwamfuta ta Ikeja a Legas, su zo gida su haɗa da hannunsu.

Kwamfutar da aka haɗa a gida tana aiki kamar kowace. Amma akwai wani ciwo da yake yawan damun masu ita. Yau a kunna ta, ta tashi lafiya lau. Gobe a kunna, fanka tana juyawa, allo kuwa baƙi ƙirin. Wani lokaci ana tsakiyar aiki hoto ya ɗauke, can kuma ya dawo. Mai shago sai ya yi asarar ciniki. Wani kuma ya yi gaggawar sayen sabon kaya, ya kashe kuɗin buhun masara, alhali waya ce kawai ta saki.

Wannan darasi zai nuna yadda ake gano inda ciwon yake kafin a kashe ko kwabo.

SASSAN KWAMFUTA

Kafin a yi wa abu magani sai an san gaɓoɓinsa. Ga manyan sassa guda shida.

1. Allo: shi ne mai kama da talabijin, inda ake ganin rubutu da hoto.
2. Madabod: faffaɗan faranti ne a cikin akwatin kwamfuta. Furosesa da ram da katin hoto a kansa suke zaune.
3. Furosesa: ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta. Tana zafi sosai, shi ya sa ake ɗora mata fanka.
4. Ram: 'yan siraran sanduna ne masu riƙe aikin da ake yi a lokacin.
5. Katin hoto: shi ne mai aika hoto zuwa allo. Wasu kwamfutoci ba su da shi daban, furosesa ce take yin aikinsa.
6. Akwatin wuta: masu gyara suna ce masa fawa fak. Yana karɓar wutar bango mai ƙarfin bolt 230, ya rage ta zuwa bolt 12 da 5 da 3.3, waɗanda kayan ciki suke buƙata.

Da zarar an danna makunni, kwamfuta ba ta nuna hoto nan take. Tana fara duba kanta tukuna. Tana duba furosesa, ta duba ram, ta duba katin hoto, sannan ta nemi rumbun ajiya inda Windows yake. Idan ɗaya daga cikinsu bai amsa ba, sai ta tsaya a nan, allo ya zauna baƙi. Ke nan baƙin allo alama ce kawai, kamar zazzaɓi a jikin mutum. Cututtuka da dama suna iya kawo shi.

DOKOKI UKU KAFIN A TAƁA KOME

Doka ta ɗaya: a kashe kwamfuta, a cire wayarta daga bango. A danne makunni kamar daƙiƙa 15 don sauran wutar ciki ta fita. Sannan mai aiki ya taɓa ƙarfen akwatin da hannunsa. Jikin mutum yana tara wata 'yar wuta, irin wadda take sa riga ta yi ƙas-ƙas lokacin hunturu. Wannan 'yar wuta tana iya lalata ram.

Doka ta biyu: abu ɗaya ake canjawa, a gwada, sannan a koma kan wani. Wanda ya canja abu uku a lokaci guda, ko kwamfutar ta tashi, ba zai san wanne ne mai laifin ba.

Doka ta uku: a sami littafi da biro. Duk ranar da allo ya yi baƙi a rubuta kwanan wata da lokaci. A rubuta ko wutar gari ce, ko janareta, ko sola. A rubuta aikin da ake yi a lokacin. Ciwon da yake zuwa ya tafi, rubutu ne yake tona asirinsa. Misali, idan littafi ya nuna kullum da tsakar rana abin yake faruwa, sai a zargi zafi. Idan kullum a kan janareta ne, sai a zargi wuta.

MATAKI NA 1: ALLO DA WAYARSA

Daga mai sauƙi ake farawa. A duba ko 'yar fitilar allo tana ci. A cire wayar hoto, a sake matse ta da kyau a duka ɓangarori biyu. Idan akwai wata wayar, a gwada ta. Idan akwai talabijin mai ramin HDMI, a jona kwamfutar da shi. In hoto ya fito a talabijin, to laifin allo ne ko wayarsa.

Akwai kuskuren da masu sabon haɗi suke yawan yi. Idan kwamfuta tana da katin hoto, a ramin katin ake sa wayar allo, wato can ƙasa a bayan akwati. Wanda ya sa ta a ramin madabod na sama, sau da yawa ba zai ga kome ba.

Ga wata dabara. Idan allo ya ɗauke ana cikin aiki, a danna maɓallin manyan baƙaƙe a kibod. In fitilarsa tana kunnuwa tana mutuwa, kwamfutar tana da rai, matsalar ta wajen hoto ce. In fitilar ba ta motsa ba, kwamfutar ce ta daskare.

MATAKI NA 2: WUTA

Kwamfuta ba ta son wuta mai hawa da sauka. Ƙaramin janareta yakan yi nishi idan an kunna masa dutsen guga ko injin fotokwafi. A wannan lokaci wuta takan faɗi, kwamfuta ta mutu ko ta sake tashi da kanta. Soket mai sako-sako ma yana yin haka. A gwada kwamfutar ita kaɗai a kan soket mai kyau. Mai hali ya sayi sitabilaiza, ko akwatin batir mai riƙe wuta na 'yan mintoci idan an ɗauke.

A cikin akwati kuma akwai wayoyin wuta biyu masu shiga madabod. Babbar tana da haƙora 24. Ƙaramar tana da 8 ko 4, tana shiga kusa da furosesa. Idan an manta da ƙaramar, fanka za ta juya amma hoto ba zai zo ba. A matse kowace har maƙallinta ya kama. Babban katin hoto shi ma yana da tasa wayar wutar.

Gargaɗi: kada kowa ya buɗe akwatin wuta. Yana riƙe wuta mai kisa ko bayan an cire shi daga bango. Idan ana zarginsa, a aro wani mai lafiya a gwada.

MATAKI NA 3: RAM

Ram tana cikin abubuwan da suka fi jawo wannan ciwo. Tafiya a kan babur ko a hanya mai gargada takan sa ta saki. A buɗe maƙallan gefe, a zare sandar. A goge haƙoranta masu ruwan zinariya da busasshen ƙyalle mai tsabta. A mayar da ita, a danna da ƙarfi har a ji ƙas.

Idan sanduna biyu ne, a bar ɗaya kawai a kunna. Sannan a cire ta a sa ɗayar. Ta haka ake gane mai ciwon. A madabod mai ramuka huɗu, yawanci rami na 2 da na 4 daga wajen furosesa ake fara cikawa. Littafin madabod yana nuna wannan da zane.

Sababbin kwamfutoci masu ram ɗin DDR5 sukan jima da baƙin allo a kunnawar farko, har 'yan mintoci. A yi haƙuri a jira, kada a yi saurin kashewa.

MATAKI NA 4: ƘURA DA ZAFI

Hunturu yana kawo ƙura, bazara tana kawo zafi. Ƙura tana toshe fanka. Idan zafin furosesa ya kusa digiri 100, sai ta rage gudu, in ya ƙi sauka ta kashe kanta don kada ta ƙone. Alamar wannan ita ce kwamfuta ta tashi lafiya da safe, ta mutu bayan an jima ana aiki.

A fitar da akwatin waje, a kakkaɓe ƙura da buroshi mai laushi ko abin hura iska. Kada a yi amfani da ruwa. A tabbata kowace fanka tana juyawa. Tsakanin furosesa da ƙarfen fankarta akwai wani man shafawa mai launin toka wanda yake ɗauke zafi. Idan ya bushe, a goge a sa sabo kamar girman ƙwayar wake. Kada a ajiye kwamfuta a ƙasa ko a manne ta da bango. Idan an tashi aiki kuma ta huce, a rufe ta da zane.

MATAKI NA 5: ƘARAMIN BATIR

A kan madabod akwai batir mai kama da kwabo, mai lamba 2032 da ƙarfin bolt 3. Shi yake riƙe agogo da tsarin farko na kwamfuta. Idan ya mutu, kwanan wata yakan rikice, wani lokaci tashi ma ya yi wuya. Ba shi da tsada. Cire shi na minti biyar yana mayar da tsarin madabod yadda ya fito daga kamfani. Wannan yana taimakawa idan wani ya taɓa tsarin gudun ram.

MATAKI NA 6: SAURARO DA KALLO

Madabod yakan faɗi ciwonsa. Wasu suna da 'yar lasifika mai ƙara idan an kunna. Yawanci ƙara ɗaya gajeriya tana nufin lafiya. Ƙara mai yawa tana nufin matsala, ma'anarta kuma tana cikin littafin madabod, domin kowane kamfani da nasa tsarin. Wasu kuma suna da 'yan fitilu huɗu: ta furosesa, ta ram, ta hoto, da ta rumbun ajiya. Wadda ta tsaya a kunne, nan za a duba.

Idan tambarin kamfani ya fito, daga baya allo ya yi baƙi wajen shiga Windows, to mai yiwuwa kayan ƙarfen lafiyarsu lau. Sau da yawa manhajar katin hoto ce ta lalace. Sai a cire ta a sa sabuwa.

YAUSHE ZA A NEMI MAI GYARA?

Idan an ji ƙaurin ƙuna, ko an ga hayaƙi, a cire waya nan da nan. Haka kuma idan an bi duk matakan nan abin bai gyaru ba. A tafi da littafin rubutun nan, domin zai rage wa mai gyara wahala, ya rage wa mai kwamfuta kuɗi. Kafin a kai, a kwafe takardun mutane a filas in da hali. Kuma kada a yarda a sayi sabon kaya sai an gwada na aro an ga shi ne maganin. Sannu ba ta hana zuwa.

TAMBAYOYI DON AJI

1. Waɗanne sassa shida ne aka ambata a darasin?
2. Me ya sa ake canja abu ɗaya kawai kafin a gwada?
3. Waɗanne abubuwa ake rubutawa a littafi idan allo ya yi baƙi?
4. Wane sashe ne aka hana buɗewa, kuma don me?
5. Idan kwamfuta tana mutuwa da tsakar rana kawai, me za a zarga?

Malamin aji ya sa ɗalibai su karanta matakan da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya. Inda akwai shagon kwamfuta a gari, a nemi izinin mai shi ya nuna musu sassan da idonsu.