Darasi: Lura da 'Yan Kwikwiyo Daga Ranar Haihuwa

'Yan'uwa, waɗansu matasanmu da ke aikin gadi a masana'antu da manyan sito na Sharada, Challawa da Bompai a Kano sun dawo gida da wata shawara. Sun ga masu irin waɗannan wurare sukan nemi lafiyayyen karen gadi, suna kuma biya. To, karnuka ai muna da su tun kaka da kakanni. Abin da ba mu saba ba shi ne mu lura da karya da 'ya'yanta kamar yadda muke lura da akuya.

Karya takan yi kwana 63 ko kusa da haka da ciki. Idan kun san ranar barbara, ku ƙirga, ku shirya mata wuri tun saura mako guda: lungun ɗaki busasshe, da tsofaffin buhuna a ƙasa.

A hunturun bara, wani iyali da muke aiki tare suka rasa 'yan kwikwiyo shida cikin dare biyu. Suka ce uwar ba ta da nono. Da muka duba, nono yana nan. A ƙarƙashin rumbu ta haihu, iska tana shiga ta ko'ina. Sanyi ne ya kashe su, ba yunwa ba. Jaririn kwikwiyo ba ya iya ɗumama jikinsa sai ya kai mako 3 zuwa 4. A makon farko yana bukatar ɗumi na digiri 29 zuwa 32, alhali daren Disamba da Janairu a ƙasar Kano yakan sauka ƙasa da 15. Idan ya yi sanyi zai daina tsotso, cikinsa kuma ya daina narkar da abinci. Saboda haka kada a ɗura masa madara yana sanyi. A sa shi cikin riga, jiki da jiki, har ya fara motsi, sa'an nan a kai shi ga nono. Kwalbar ruwan ɗumi nannaɗe da tsumma ta ishe su. Kaskon garwashi a rufaffen ɗaki kuwa, a'a, iskarsa tana kisa.

Dakashi, wato nonon ranar farko, shi ne garkuwarsu daga cututtuka. Ku tabbata kowanne ya sha, musamman ɗan ƙaramin da ake turewa. Uwar kuma, ɗumamen tuwo kaɗai ba zai riƙe ta ba. A ƙara mata busasshen kifi ko dafaffen ƙwai, da ruwa kullum a kusa.

In uwar ta mutu, madarar akuya da gwaiduwar ƙwai takan cece su, kowane awa 2 zuwa 3, kwikwiyo yana kwance rub da ciki. Bayan ya sha a shafa ƙasan cikinsa da tsumma mai ɗumi domin ya yi fitsari da kashi, gama aikin da uwa take yi ke nan da harshenta.

Idanu sukan buɗe tsakanin kwana 10 da 14. A hana yara buɗe su da hannu. Maganin tsutsa daga mako 2, kunu mai kauri daga mako 3 ko 4, allurar fabo, cutar nan mai sa zawon jini, a mako 6 zuwa 8. Likitan dabbobi ne zai faɗi awon magani.

Allurar haukan kare sai ya kai wata 3. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Jihar Filato tana yin ta. Wannan ba maganar ciniki kawai ba ce, gama yaranmu ne suke wasa da su, kuma in cutar ta bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da sabulu minti 15, ya tafi asibiti a ranar.

Mun san kuɗin makaranta yana matsa mutum ya sayar da wuri, amma kada a raba kwikwiyo da uwarsa kafin mako 8. A miƙa wa mai saye katin allura, a nuna masa ranar wadda ta rage.