Yadda Ake Daidaita Firinta Da Kwamfuta A Tsarin RS-232

A tsarin RS-232, wanda aka fito da shi a Amurka a 1960, kwamfuta tana tura wa firinta bayani ne bit bayan bit ta waya guda. Don haka wajibi ne gudunsu ya zo ɗaya. Idan kwamfuta tana kan 9600, firinta kuwa tana kan 2400, shirme kawai zai fito a takarda.

Saitin da aka fi yi shi ne bit 8 na bayani da 1 na tsayawa, ba tare da na tantancewa ba. In an haɗa da na farawa, kowane harafi ya ci bit 10, wato haruffa 960 a daƙiƙa. Firinta mai allura ba ta iya wannan sauri, shi ya sa takan aika alamar XOFF idan ma'ajiyarta ta kusa cika, sannan XON in ta sami sarari. Idan ba a saita wannan ba, layuka sukan ɓace a tsakiyar aiki.