Darasi: Rufin Siminti Mai Raga Don Rumfunan Kara

'Yan uwa fatake, kowa ya san halin rumfunanmu na kara da zango. Iskar farkon damina ta yaye kwano, gara ta cinye katako, sai a sake karo-karo. Shi ya sa muka kawo darasi kan siminti mai raga.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A 1848 wani Bafaranshe mai suna Lambot ya ƙera kwale-kwale da ita.

Ga yadda ake yi. A shimfiɗa ragar waya, irin ta kejin kaji, ninki biyu ko uku a kan sirarran rodi, a lanƙwasa ta kamar an kifa kwami, domin a lanƙwasar nan ƙarfin yake. A kwaɓa awo 1 na siminti da awo 2 na tankaɗaɗɗen yashi, ba tsakuwa, ruwa kaɗan. A cusa kwaɓin sosai har waya ta ɓace, kauri santimita 2 zuwa 3. In waya ta leƙo waje, tsatsa ta samu ƙofa.

Inda akasari ake yin asara shi ne ban-ruwa. A rufe da jiƙaƙƙun buhuna, a riƙa yayyafa ruwa aƙalla kwana 7, balle da hunturu. Magini mai gaggawa zai ce kwana 2 ya isa. Kada mu yarda, kuɗin ƙungiya ne.

Ana yin daɓen ɗakin sama da shi in an ƙara rodi. Amma wurin lodin shanu, a'a. Nan sai kankare mai kauri, don kofaton bijimi zai fasa shi.