Amsar Tambaya: Suna yi mini ba'a kan kyamarar fim

Wani matashi mai ɗaukar hoto daga Kubwa ya rubuto cewa duk ranar da ya fita Millennium Park ko bakin tafkin Jabi da tsohuwar kyamararsa mai cin fim, sai waɗanda bai sani ba su tare shi: "Malam, wa ke wankin hoto a zamanin waya?" Yana tambaya ko ya ajiye ta.

Ɗan'uwa, kada ka ajiye. Yawancinsu mamaki ne ya kama su, sun ɗauka fim ya tafi tare da tsofaffin shagunan wankin hoto. Yana nan daram. Kamfanin Kodak ya dawo da fim ɗinsa na Ektachrome kasuwa a 2018, Pentax ya fitar da sabuwar kyamarar fim a 2024, kuma da fim, ba dijital ba, darakta Christopher Nolan ya ɗauki shirinsa Oppenheimer na 2023.

Sai dai akwai gaskiya a maganarsu. Fim na da tsada, naɗi ɗaya hoto 24 ne ko 36, kuma sai an wanke ake gani. Ka amsa musu hakan da fara'a, ka ce ƙarancin ne ke sa ka nutsu kafin ka danna.

Ka riƙa yawo da hotuna biyar ko shida da ka wanke. Mai son sani ka miƙa masa ya gani da idonsa. Mai neman gardama kuwa, ka ce "Allah ya ba mu alheri," ka wuce.

Kada ka raina masu dijital, kada ka ɗauki mutum ba izininsa, ka kuma guji gine-ginen tsaro. Fim ɗinka ka ajiye shi a firij, zafin Maris cikin mota na lalata launinsa.

Ka rubuto mana idan naɗin gaba ya fito.