Darasin Kasuwa: Mece ce Almundahana?

Jama'a, 'yan kasuwa da dillalai, yau darasinmu a kan kalmar almundahana ne. Kowa na jin ta a rediyo, amma da yawa sun ɗauka ta ma'aikatan gwamnati ce kaɗai. A'a, har rumfa tana shiga.

Asalinta Larabci ne, almudahana, daga kalmar da ke nufin shafa mai. Wato a shafa maka mai a baki, a lallaɓa ka da daɗin magana, cikin kuwa ba haka yake ba. Da ta shigo Hausa sai ta koma kan dukiya: cin kuɗin mutane ta hanyar rufa-rufa.

To, ina bambancinta da sata? Ɓarawo dare yake bi, ya fasa shago. Mai almundahana kuwa da hannunka ka miƙa masa mabuɗi. A ce bafatake ya sauke buhu 20 na gero a Dawanau, ya bar wa dillali. Dillali ya sayar, ya rage kuɗin kowane buhu wajen faɗi, ya soke rarar a aljihu, sa'an nan ya miƙo hannu a ba shi la'ada. Ba ƙofar da aka ɓalle, amma an ci mutum. Haka ma'ajin ƙungiya da ya rubuta abin da ba a kashe ba, ko yaron shago mai littafi biyu.

Malaman fiƙihu ma sun raba su: sata ita ce ɗauka a ɓoye daga ma'ajiya, wannan kuwa ha'inci ne, hukuncinsu daban. Dokar Penal Code da ta fara aiki a Arewa a 1960 ta sa sata a sashe na 286, cin amana a na 311.

Damfara kuma dabam take, ita tun farko da ƙarya aka zo maka.

Abin da muke ja muku kunne a kai, kalmar tana da nauyi. Wanda ya karye, ko kaya suka lalace a hannunsa, ko bashi ya danne shi, ba almundahana ya yi ba, asara ce. In ka jefe shi da ita gaban Sarkin Kasuwa ba shaida, ka kashe masa sana'a, don dillali ba shi da jari sai sunansa, kuma yana iya kai ka gaban alƙali kan ɓata suna. Kafin ka furta, nemo wanda ya sayi kayan, a ji nawa ya biya.